Windows 10 ta ƙare, kuɗin sayen sababbin kwamfutoci babu: yadda muka yi a ofishinmu

Rubutun yau yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. A Turai da Amurka an shafe watanni ana cece-kuce a kan wannan rana. Mu a nan ta zo ta wuce muna can muna musun siyasa da farashin buhun masara. Alhali in ka zaga ofisoshin gwamnati da makarantu da asibitoci, daga Kofar Doka har Samaru, kwamfutocin da za ka tarar a kan tebura yawancinsu ita ce a ciki, wasu ma Windows 7 ce, wadda aka sallama tun Janairun 2020.

Janye hannun ba ya nufin kwamfuta za ta ƙi tashi. Za ta tashi lafiya lau, ka buga takardarka ka fitar. Abin da aka daina shi ne facin tsaro da kamfanin yake turowa duk wata. Mu mutanen birni ba ma buƙatar dogon bayani a nan, domin muna ganin ganuwarmu kullum. Lokacin da ake yi mata gyara bayan kowace damina, ganuwa ce. Da aka daina, ruwa ya ci nan, masu ɗibar ƙasa suka ci can, yau akwai wuraren da akuya ke tsallakawa ba ta ma san ta tsallaka komai ba. Manhaja ma haka take. Kullum ana gano sabuwar kafa a jikinta, ɓarayin intanet na neman kafar, kamfani na toshewa. Ranar da mai toshewa ya tafi, masu nema suna nan.

Wanda yake ganin tatsuniya ce ya tuna WannaCry a watan Mayun 2017. Cuta ce da ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin likita har kusan 19,000. Kuma Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda facin bai kai ga kwamfutocinsu ba.

To me zai hana a hau Windows 11 kawai? Sharuɗɗanta. Tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 a cikin na'urar, kuma in Intel ce tana son ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa daga 2017. Ku duba kwamfutar ofishinku. Mu namu 21 ne, uku kacal suka cika sharaɗi. Sauran 18 ɗin wasu an kawo su tun kafin a ɗauki rabin ma'aikatan da ke amfani da su yanzu, wasu kuma 'yan Beljiyam ne da wani shiri ya bar mana da ya naɗe tabarmarsa. Kuma ba abin da ya same su. Ƙura ce kawai ta hunturu, wadda ake hurewa.

Kamfanin ya buɗe wata ƙofa: ma'aikata za ta iya biya a ci gaba da turo mata facin har shekara uku. Dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku. Ku auna da kanku. Dala 61 a canjin da ake yi a lokacin ta haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kwamfuta 18 a shekarar farko kaɗai dala 1,098 ke nan, sama da naira miliyan ɗaya da rabi. Duk wanda ya san yadda kuɗin gudanarwa yake zuwa ofisoshi irin namu, wata ya zo wata biyu shiru, ya san ba memon da za a rubuta ba ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ake biya da dala ya ninka uku, kasafinmu kuwa yana nan inda yake.

Akwai kuma maganar da ba a son yi a fili. Wannan ƙofar ta masu lasisin gaskiya ce. Nawa ne daga cikin kwamfutocin ofisoshinmu suke da shi? Kowa ya san yadda ake yi. A kira mai gyara, ya zo da filas ɗinsa, ya zuba Windows da Office, ya kashe manhajar kashe bairos na ɗan lokaci, ya kunna wani ɗan abu da yake fasa makullin, shi ke nan an "yi aktibetin". Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya rubuta ɗan abin nan, ko me ya bari a ciki bayan ya gama. A kan irin wannan kwamfutar ake ajiye sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu da ranar haihuwarsu da takardun ritayarsu. Ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Gwamnatin da ta yi doka, ofisoshinta na aiki da kayan da aka fasa wa makulli. Ni dai abin ya daɗe yana damuna.

Ni ba injiniya ba ne, harkar mulki na karanta a Kongo. Amma kayan aiki da sito suna ƙarƙashina, don haka tebur ɗina maganar ta faɗo. Zaɓi uku ne a gabanmu: a sayi sababbi, a yi shiru a ci gaba a haka har ranar da tsautsayi zai faɗa, ko a sauya manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Na farko akwai masu sonsa ƙwarai, kun san dalili, an ma kawo mana takardar farashi har kala uku ba mu nema ba. Na biyu shi ne al'adarmu. Mu muka ɗauki na uku.

Linux ake ce mata. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya sake ta kowa ya gani, ya gyara, ya raba, ba a biyan lasisi. Kada wani ya ce baƙuwa ce, don wayar Android da kake karanta wannan rubutun da ita, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Manyan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya kaf ita suke amfani da ita tun 2017. Inda ba ta yi kasuwa ba shi ne kan teburin ofis. Tana da iri-iri kamar shinkafa. Akwai Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, akwai Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu ɗin. Mint muka zaɓa don fuskarta ta yi kama da abin da mutanenmu suka saba: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, folda kamar folda. Fitowa ta 22 za a ci gaba da yi mata faci har 2029, kuma tana tafiya a kan na'ura mai RAM gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗi.

Kafin na rubuta wa Darakta komai sai da na karanta labarin waɗanda suka riga mu, kuma biyu ne suka tsaya mini a rai.

Birnin Munich na Jamus shi ne wanda kowa ke ambata. Majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows a 2003, har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa ya je wurin magajin garin don ya shawo kansa, bai yi nasara ba. Shekara goma suka yi suna aikin, zuwa 2013 sun mayar da kwamfutoci kusan 15,000. Sai shugabanci ya sauya, ƙorafin ma'aikata ya sami masu saurare a sama, a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A 2020 da aka sake sabon ƙawancen mulki, suka ce a'a, manhajar da kowa ke iya duba cikinta za a fifita. Wannan fa Jamus ce, masu kuɗi da injiniyoyi. Mu da muka san yadda sabon shugaba ke zuwa ya rushe abin da na baya ya gina don kawai ba shi ya gina ba, labarin bai ba mu mamaki ba ko kaɗan.

Jandarmomin Faransa kuwa da wayo suka bi. A 2005 ba su taɓa Windows ba, manhajar buga takardu kawai suka sauya zuwa OpenOffice. Bayan nan suka sauya burauza zuwa Firefox. Sai a 2008 suka fara mayar da kwamfutocin kansu kan Ubuntu. Lokacin da aka zo sauyin na ƙarshe, jandarma ya zauna ya ga abubuwan da yake taɓawa kullum suna nan yadda ya san su. Dubun-dubatar kwamfutoci suka mayar a haka, kuma har yau suna kai. Kwanan nan ma, a 2024, jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta sanar da cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Mu ma Nijeriya muna da namu labarin, sai dai mun manta. A 2007 an yi cinikin ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 samfurin Classmate na Intel, ɗauke da Linux ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge ta a zuba Windows bayan an kawo su. Shugaban Mandriva ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, duniya ta ɗauka. Daga baya asusun USPF, wanda ke biyan kuɗin mafi yawansu, ya ce Mandriva ɗin za a bari. Kamfanin Mandriva kansa ya rufe a 2015. Wato tun 2007 manyan kamfanoni suke kokawa a kan abin da yaranmu za su fara buɗe ido da shi, mu kuwa ko a majalisar shayi ba mu tattauna ba.

Hanyar jandarmomi muka bi. Wata biyu cur ba mu taɓa Windows ba. LibreOffice muka zuba a gefen abin da ake da shi, muka ce duk sabuwar wasiƙa a nan za a buga ta. Wanda ya yi aikin hannu wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo mana, ya karanta ilimin kwamfuta, kafin wannan aikin fayil kawai yake ɗauka daga ofis zuwa ofis kamar masinja. Na haɗa shi da wani matashin akawu na rajista mai son koyon abu.

A nan ne aka sha daru, kuma ba daga inda na zata ba. Matasa ba su ce komai ba, su da ke sauya waya duk shekara. Hajiya ce, babbar mai buga takardunmu, wadda ta fara aiki a kan tafireta tun ina firamare, shekara uku ya rage mata ta yi ritaya. Ranar farko ta buɗe takardar ofis mai tambari a sama, sai ta ga layin sa hannu ya zame ya koma shafi na biyu. Ta taso ta same ni har ofis.

"Malam, in so ake a nuna na tsufa, a faɗa mini kawai. Shekara talatin da biyu ban taɓa kai wa Darakta takardar da sa hannu ya gudu ba."

Na ce, "Haba Hajiya, wa ya isa? Ki ba mu zuwa azahar."

Gaskiyarta ce. Ita martabarta a ofishin nan ita ce takardarta ba ta dawowa da jan biro. Abin da mu muke kira ƙaramar matsala, ita mutuncinta ne a gaban yaran da ta girma da shekara ashirin. Ashe salon haruffa ne. An tsara takardar da Calibri, wanda mallakar Microsoft ne, inda babu shi sai manhajar ta ɗauko wani mai faɗi ta maye gurbinsa, layuka su ture juna. Akwai wani salon kyauta mai suna Carlito da aka yi shi daidai awon Calibri, kamar yadda Liberation Serif yake daidai awon Times New Roman. Yaron ya zuba shi, sa hannu ya dawo mazauninsa. Sannan ya saita manhajar ta riƙa ajiye takarda a tsarin docx kai tsaye, don in an tura hedikwata Kaduna su buɗe ba tare da sun kira mu suna faɗa ba. Wannan saitin na minti biyu, da ba a yi shi ba, da shi kaɗai ya isa ya kashe shirin duka.

Abin da ya jawo ta gefenmu kuwa, haruffa masu ƙugiya ne. Muna yawan buga sanarwa da Hausa zuwa ga hakimai da dagatai da masu unguwanni. Shekara da shekaru a ofishinmu "kasa" ake bugawa, mai karatu ya canka ko ƙasa ake nufi ko kasawa, wani lokaci Hajiya ta bi da biro tana sa ƙugiyar da hannu kamar zamanin tafireta. A Linux akwai tsarin kibod na Hausa a shirye, zaɓa kawai za ka yi. Don adalci, Windows ma tana da shi, ba wanda ya taɓa kunna mana ne. Ranar da ta buga ɓ da ɗ da ƙ suka fito tsaf a kan takarda, sai da ta kira masinja ya zo ya gani. Abin ma da ɗan kunya a ce a Zariya ne ake wannan murnar, garin da aka daidaita rubutun boko a shekarun 1930 zamanin Rupert East da Hukumar Talifi, garin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Ƙugiyar da aka zuba a dalma a Tukur-Tukur tun kakanninmu, mu jikoki muna da kwamfuta muna bin ta da biro.

Bayan wata biyun muka fara sauyin gaske, daga rajista. Kowace kwamfuta sai an kwafe duk abin da ke cikinta wuri biyu, mai ita ya duba ya sa hannu cewa fayilolinsa sun cika, sannan a goge. Kafin a goge ma ana tayar da Mint ɗin daga filas a gwada, a ga firinta ta amsa, sauti ya fito, intanet ya kama, domin tana iya tashi daga filas ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'urar ba. Biyu muke yi a mako, ranar Juma'a da safe lokacin da aiki ya yi sauƙi. Wata rana an ɗauke wuta ana tsakiyar zubawa, janareta ba mai, sai Litinin aka ƙarasa. Ban da wannan ba wani abin labari.

Yanzu 15 suna kan Mint, ukun nan masu ƙarfi an hau da su Windows 11 da lasisin da aka saya da rasit, uku kuma suna nan a kan Windows 10, an cire musu intanet.

Waɗannan ukun na ƙarshe su ne inda Linux ta gaza mana, kuma ba zan ɓoye ba. Akantanmu yana da wani fayil na Excel da aka gada tun daga wanda ya gabace shi, cike da ƙananan umarnin da ke lissafa alawus da cire-cire da kansu. A LibreOffice ya buɗe, amma wasu maɓallan ba sa aiki. Ya ce mini, "Yallabai, in albashin mutum ɗaya ya tafi ba daidai ba, ni za a tsare a bakin get, ba Linux ba." Ban yi musu da shi ba, kuma ban ga dalilin yi ba. Akwai tsohuwar sikana da ta ƙi jin kira sam. Akwai kuma mai tsara mana kalanda da takardun shaida da CorelDRAW, wadda ba a yi ta don Linux ba. An nuna masa Inkscape, ya duba ya ce sai dai bayan ya yi ritaya. Duk mai ce muku komai da komai yana tafiya a Linux, bai taɓa riƙe ofis ba.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne yawancin aikin gwamnati na yanzu a burauza ake yinsa. Remita, imel, shafukan da ake cike bayanai a tura, duk Firefox ko Chrome suke nema, ba ruwansu da abin da ke ƙarƙashi. Shekara goma sha biyar baya da wannan sauyin ya fi haka wuya nesa ba kusa ba.

Riba ta farko da kowa ya gani ita ce ta filas. Kun san cutar nan da ke mayar da folda ta zama 'yar gajeriyar hanya, ka buɗe ka ga wayam. Duk wanda ya kai filas shagon buga takardu a PZ ko bakin Kongo ya dawo, da tsarabarta yake dawowa, kafin la'asar ta zaga ofis. An rubuta ta ne don Windows, a kan Mint sai ta zauna kamar kifi a tudu, kana ganinta ka goge. Har ma'aikatan wasu ofisoshin sun fara zuwa a wanke musu filas a rajistarmu. Amma kada a ɗauka Linux laya ce. Wanda aka turo wa saƙon ƙarya ya rubuta kalmar sirrinsa, an cuce shi ko a kan me yake. Wanda ya manna kalmar sirri a jikin allo da salatif, kamar yadda na tarar a tebur biyu, ba manhajar da za ta cece shi. In rumbun ajiya ya ƙone saboda wuta ta zo da ƙarfi, ya ƙone. Ita ma tana son faci a kai a kai, facin kuma data yake ci, don haka sai da muka sa ranar Laraba ta zama ranar sabuntawa.

Akwai wanda sauyin ya taɓa wa tuwo, kuma ina tuna shi. Mai gyaran da ya shekara takwas yana zuwa mana. Kusan duk wata akwai kwamfutar da ta yi nauyi, ya zo ya goge ya sake zubawa, a rubuta masa bauca. Yanzu wata huɗu ba a kira shi don wannan ba. Mutumin kirki ne, yana da iyali a nan cikin birni, muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Ya ce mini, "Oga, wannan abin naku ba zai ɗore ba, duk garin nan wa zai gyara muku in ya lalace?" Na ji zafin maganar don akwai gaskiya a cikinta. Na ce ya zo ranar Juma'a ya zauna da yaron ya koya, in ya iya shi za mu riƙa kira, kuma shi ne zai zama na farko a layinsu da ya iya. Ya zo sau biyu. Ina fata ya ci gaba da zuwa.

Tambayar tasa ita ce ainihin abin da ke hana ni barci, fiye da sikana da Excel. Lasisi kyauta ne, amma mutumin da ya iya ba kyauta ba ne. Kuɗin da ba ka ba Microsoft ba, wani kasonsa dole ka kashe shi a kan horar da mutanenka, in ka ƙi kuwa ranar da abu ya tsaya za a kira mai filas ya mayar da komai gidan jiya cikin awa uku, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Bambancin shi ne wannan kuɗin da naira ake biyansa, kuma a aljihun ɗan Tudun Wada ko ɗan Kwarbai zai faɗa. ABU tana nan tun 1962, tana yaye masu digirin kwamfuta duk shekara, ga Nuhu Bamalli, ga kwalejojin da suka sa ake yi wa garin nan kirari da ilimi. Yaran suna zaune a gida ko suna sana'ar POS a bakin titi. A ce ofishin gwamnati a Zariya ya rasa wanda zai kula masa da Linux, wannan ba ƙarancin masu ilimi ba ne, rashin tsari ne.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa gwamnati ta fitar da sanarwa gobe kowa ya koma Linux. Mun san ƙarshen irin wannan: a ba da kwangilar horarwa, a yi bita ta kwana uku a otal, a raba jaka da biro, bayan wata shida komai ya koma yadda yake. Abin da nake so a gani ƙarami ne. Kowace ma'aikata ta ƙirga kwamfutocinta, ta san nawa ne ke da lasisin gaskiya, nawa ne za su iya hawa Windows 11. Wannan ƙirgar kaɗai za ta tayar da hankalin duk babban sakataren da ya karanta ta. Sannan a daina karɓar sabon tsarin aiki daga ɗan kwangila in ba zai yi aiki a kowace burauza ba. Kuma a daina kai kwamfuta mai lafiya sito a ce ta tsufa, daga can a yi gwanjonta a ɓoye, alhali makarantun firamare na cikin birni akwai waɗanda ɗalibansu a allo ake zana musu hoton maus.

Wasu abokai sun ce mini duk wannan wahalar a kan kwamfuta 15, me ta tsinana? A lissafina dai ofishin bai sayi sababbi 18 ba, bai biya dala ba, kuma fayilolin ritayar mutane ba sa zaune a kan manhajar da aka fasa. Wanda ya taɓa ganin dattijo ya zo daga ƙauye da sandarsa ana ce masa "kwamfuta ta cinye sunanka, ka dawo wani mako", ya san abin da nake nufi.

Yaron bautar ƙasar zai gama nan da 'yan watanni. Kafin ya tafi na sa shi ya rubuta komai a littafi, mataki-mataki, da Turanci da Hausa: yadda ake zubawa, yadda ake haɗa firinta, inda aka ajiye kwafin fayiloli. Akawun rajista yanzu shi yake yin na Laraba da kansa, kuma ya zuba guda biyu na ƙarshe ba tare da an tsaya a kansa ba. Na kuma roƙi Darakta ya sa hannu a kan minit ɗin da ya amince da sauyin, aka saka a fayil, don ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko aka yi mini, wanda ya zo ya tarar da dalili a rubuce. Mun rubuta wa makarantu biyu muna neman ɗaliban koyon aiki na SIWES waɗanda suka taɓa Linux, muna jiran amsa.

Wanda yake son gwadawa a ofishinsa ko shagonsa, kada ya fara da kwamfutar akanta, kada kuma ya fara da ta Oga. Ya nemi wadda aka jingine a lungu an ce ta mutu, ya sami filas mai gigabait 8, ya sauko da Mint daga shafinsu na asali, kusan gigabait 3 ce, gara da dare lokacin da data ke araha. Ya tayar da ita daga filas ɗin, ya buɗe takardar ofishinsu mai tambari, ya duba ko sa hannu yana nan a shafin farko.